Kowa Yana "Duti" a Azuba

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, Lafia ta zama babban birni, ofisoshi suka yawaita, sai wata sabuwar Hausa mai sanye da kwat ta biyo su har garin Azuba. Yanzu kowa yana "duti", har wanda bai taɓa riƙe takardar ɗaukar aiki ba.

Babban amfanin kalmomin nan shi ne korar mai bin bashi. Ka je da safe, a ce maka maigida yana "monin duti". Ka koma da la'asar, an canza masa "shif". Ka yi sammako ranar Asabar, ai yana "of", kuma mai "of" ba a tashinsa daga barci. Idan albashi ya shigo kuwa, sai ya faɗa "obataim" har kuɗin su ƙare.

Zumunci ma ya sha kashi. A yi rasuwa, sai bayan sadakar bakwai ka ga mutum yana sosa ƙeya: "Wallahi Baba, rosta ce ta riƙe ni." Amma rostar nan tana da tausayi, ba ta taɓa hana kowa zuwa walimar da aka yanka rago ba.

Manomin doya da na riɗi sun daɗe da nasu jadawalin: asuba, hantsi, azahar, la'asar. Ba su san "of" ba sai ranar da ruwa ya kore su daga gona. Mai zaman majalisa a gindin mangwaro kuwa, in zai je gida cin tuwo sai ya miƙe ya ce ya tafi "birek".

A takarda, aikin gwamnati daga ƙarfe 8 ne zuwa 4. A rajista kowa ya iso 7:59, har wanda aka gani wurin mai shayi da ƙarfe 10. Sallar azahar takan kai wasu har la'asar, saboda tsananin ibada. Da Kaduna ta koma aikin kwana huɗu a Disambar 2021, Kwara kuma ta rage zuwa kwana uku a 2023 bayan cire tallafin fetur, wasu ma'aikatanmu dariya suka yi, don su sun daɗe da fara tsarin ba su jira sanarwa ba.

Masu aikin karɓa-karɓa na gaske, irin su nas-nas da masu gadi, ba sa shela. Jan idonsu ya ishe su shaida.

Sai dai labari ya fara canzawa, don matan gida sun koyi yaren. Wata uwargida ta sanar cewa ranar Lahadi tana "of", tuwon dare kuma "obataim" ne, sai an biya. Nan take maigida ya manta Turanci, ya tara dangi yana kuka da Hausa tsantsa cewa wannan ba al'adarmu ba ce.