Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwashe Kuɗi

Akwai wani labari da ya faru a jihar Kalifoniya ta Amurka wanda nake so in ba wasu 'yan'uwa, ko Allah zai sa ya shiga kunnensu.

Ranar 9 ga Disamban 1968, wani injiniya mai suna Douglas Engelbart ya zauna a gaban mutum kusan dubu a wani zaure a birnin San Faransisko. A wancan zamani kwamfuta sai manyan ma'aikatu, kuma akasari da katuna masu huji ake ba ta umarni. Shi kuwa sai ya ɗora hannu a kan wani ɗan akwati mai wutsiyar waya, yana tura shi gaba da baya, wani ɗan ɗigo a jikin allo yana bin duk inda hannun ya nufa. Minti 90 ya yi yana rubutu yana gyarawa, yana tsallakawa daga wannan shafi zuwa wancan, har ya yi magana da abokin aikinsa da ke Menlo Park ana ganin fuskarsa a allon. Na farkon irin wannan akwati, abokinsa Bill English ne ya haɗa masa shi da katako, da 'yan ƙafafu biyu a ƙasa da maɓalli ɗaya a sama. Shi ne kakan linzamin da ke hannunka yau.

Daga baya wasu daga cikin mutanensa, har da English, suka koma cibiyar bincike ta PARC da kamfanin Xerox ya buɗe a Palo Alto a 1970. A can ne a 1973 aka ƙera kwamfutar Alto, mai allon da ke nuna hoto da linzami mai maɓalli uku, a kanta kuma aka raini dabarar tagogi masu hawa kan juna. Amma manyan kamfanin hankalinsu na kan injin kwafar takardu. Da suka fito da kwamfutar Star a 1981 a kan sama da dala 16,000, kasuwa ba ta karɓe ta ba.

A Disamban 1979 Steve Jobs na kamfanin Apple, yana ɗan shekara 24, ya shiga PARC da rana tsaka, bayan an amince Xerox ta sayi hannun jarin dala miliyan ɗaya a Apple. Larry Tesler, ɗaya daga cikin waɗanda suka nuna masa kayan, ya koma Apple a 1980. Charles Simonyi, shi ma ɗan PARC, ya koma Microsoft a 1981, ya jagoranci haɗa manhajar Word. Ka ga ke nan gidajen biyu wajen malami ɗaya suka ɗauki karatu.

Kuma kowannensu ya yi gumi. Apple ta mayar da linzamin mai araha da maɓalli ɗaya, ta sauƙaƙa jan fayil da ajiye shi, ta fito da Macintosh a Janairun 1984 a kan dala 2,495. Microsoft ta fito da Windows a Nuwamban 1985, manhajar da ke hawa kan kwamfutocin kamfanoni barkatai, abin da daga baya ya kai fasahar ofisoshi da gidajen da ba su da kuɗin Macintosh.

Sai kuma rigimar gado ta tashi. A 1988 Apple ta maka Microsoft a kotu, ta ce an kwaikwaye ta. A 1989 Xerox ta farka, ita ma ta maka Apple, kotu ta yi watsi da kusan dukkan ƙararta. A ƙarar Microsoft kuwa, cikin abubuwa 189 da Apple ta lissafa, alƙali ya gano cewa 179 ta riga ta ba da izininsu da hannunta a wata yarjejeniya ta 1985, sauran kuma galibinsu ba irin abin da wani zai ce nasa ne shi kaɗai ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da akasarin hukuncin a 1994.

A Agustan 1997 Apple na fama da asara mai yawa. Jobs ya tsaya a wani taro a Boston ya sanar cewa Microsoft za ta zuba dala miliyan 150 a kamfanin, an kuma binne tsohuwar rigima. Da fuskar Bill Gates na Microsoft ta bayyana a ƙaton allo, wasu magoya baya suka yi masa ihu. Masu gida sun sasanta, 'yan rakiya suka ƙi. Har yau ana kwana ana musu: wannan ya ce ɓarayi ne, wancan ya ce ai ku kuka fara sata. Kowa ya yanki tarihin daga inda gwaninsa ya shigo, ya jefar da abin da ya gabata.

Shi kuwa Engelbart, takardar mallakar linzamin da aka bayar a 1970 ta cibiyar SRI ce inda yake aiki, ta kuma ƙare a 1987, kafin linzamin ya game duniya. Ko sisi bai samu ba daga cinikinsa. An karrama shi da ya tsufa, har Shugaba Clinton ya ba shi lambar yabo ta ƙasa a 2000, ya rasu a Yulin 2013 yana da shekara 88. Amma a bakin masu wannan musu da wuya ka ji sunansa, domin ambatonsa ba ya ƙara wa kowane ɓangare maki.

Ba a Kalifoniya kaɗai ake haka ba. Duk inda aka kafa wani abu ya yi albarka, makaranta ce ko ƙungiya ko sana'a, za ka tarar da magada biyu suna jayayya a kan wa ya fara, alhali dattijon da ya share filin yana can gefe ba mai gaishe shi. Za ka kuma tarar da mabiya sun yanke zumunci saboda shugabannin da suka daɗe da komawa cin abinci a kwano ɗaya.

Ban kama sunan kowa ba. Amma kai da kake ba da tarihin gidanku, ka faro shi daga farkonsa, ka faɗi abin da abokin hamayyarka ya ƙara, ka kuma nemi wanda ya riga ku ka gode masa tun yana da rai.