Layi Ashirin da Takwas

A kotunan jihar Kalifoniya ta Amurka, takardar ƙara sai kowane layi ya samu lambarsa a gefen hagu, galibi 1 zuwa 28. Sunan lauya ya fara daga layi na 1, sunan kotu a na 8, kowa da kasonsa kamar rabon gado.

Sai dai Microsoft Word ba ya tsoron alƙali. Ka cusa ayar doka guda mai matsattsun layuka, rubutu ya zame, lambobin su tsaya cak kamar turakun awaki. Lamba 14 ta koma tana gadin fili.

Akawu zai kwana yana lallashin tazarar layi, shayinsa ya huce. Lauyan da zai karɓi kuɗin kuwa tun isha'i yake minshari.