Madalla da Masu Riƙon Amanar .org

Jama'a, a taya ni jinjina wa .org, haruffan nan uku da ke kwantar da hankalin mai ba da sadaka. Tun 1985 aka kafa ta tare da .com da .net. 'Yan kasuwa suka nufi .com, ita kuwa ta zama mafakar ƙungiyoyin da ba riba suka sa a gaba ba. Majalisar Ɗinkin Duniya a can take, Wikipedia ma haka. Wa zai ga irin waɗannan maƙwabta ya kawo zargi a ransa?

Ga ta da karamci. Ba ta tambayar takardar rajista, balle ta ce marayu nawa ka ciyar bana. Kana da katin banki da 'yan daloli? Bismillah, shigo daga ciki. Mai gina asibiti da mai manna hoton yaro marar lafiya yana karɓar taimakon da ba zai kai ko'ina ba, duk farashinsu ɗaya. Ina aka taɓa ganin adalci irin wannan?

Masu riƙon amanarta kuwa sai dai a ce Allah ya saka. Tun 2003 Public Interest Registry ke kula da ita a ƙarƙashin Internet Society, hukumar ICANN mai tsara adireshin intanet kuma tana sa ido daga Kalifoniya. A da an hana ƙarin kuɗin adireshin .org ya wuce kashi 10 cikin 100 a shekara. A 2019 ICANN ta nemi jin ra'ayin jama'a kan cire wannan takunkumi. Ra'ayoyi sama da 3,000 suka shigo, kusan duka suna cewa kul. Hukumar ta saurara cikin ladabi, a watan Yuni ta cire shi. Shawara ke nan.

Watan Nuwamba na kamawa, sai ga albishir: za a sayar da Public Interest Registry ga Ethos Capital, kamfanin zuba jari da aka haifa a shekarar, kan dala biliyan 1 da miliyan 135. Cewa tsohon shugaban ICANN, Fadi Chehadé, yana cikin masu ba kamfanin shawara, ai katari ne kawai. Kamar rijiyar wakafi ce mai gadinta ya lura an daɗe ana sha kyauta-kyauta, ya nemo mata mai saye don tausayin masu ƙishi. Har bashin dala miliyan 360 aka shirya ɗora wa rijiyar. Wa zai biya? Masu ɗiba mana, tunda ƙungiyar da ta shekara ashirin da adireshi ɗaya ba ta iya tashi ta bar wasiƙunta da masu tallafa mata.

Sai 'yan hana ruwa gudu suka taso. Ɗaruruwan ƙungiyoyi suka yi ca, babban lauyan jihar Kalifoniya na lokacin, Xavier Becerra, ya aika wa ICANN takarda mai zafi. Ranar 30 ga Afrilu, 2020, hukumar ta ƙi amincewa da cinikin. Kaico, an yi wa bayin Allah baƙin ciki!

Amma kada masoya su karaya. Takunkumin farashin bai dawo ba, ƙofa kuma tana nan a buɗe ga kowa. Saboda haka in ka ga .org a ƙarshen adireshi, kada ka wahalar da kanka da binciken su wane ne, ko ina kuɗin ke zuwa. Tura kawai, ai sun rubuta cewa su mutanen kirki ne.