Sannunku da Karatu, Malaman Wakanda

Duk mai cewa matasan Arewa ba sa karatu, bai taɓa zama fada a Dogon Dutsi bayan sallar isha'i ba. Ana karatu, ana kuma sharhi mai zafi. Kowace Laraba kantunan Amurka ke fitar da sababbin littattafan zane na jarumai masu tashi sama, amma kafin a sauke shayi na uku sun iso cikin salula a Dutsi, sun wuce Tibiri, sun kai Kore Mairuwa. Madalla da wannan himma. Takin zamani kan makara, littafin lakkwal kan iso bayan an yi nisa da shekara, amma Batman bai taɓa saɓa mana alkawari ba.

Ku saurari zurfin muhawarar, ku ji daɗi. A watan Oktoba na 2024 kamfanin DC ya fito da Absolute Batman, inda marubuci Scott Snyder ya raba jarumin da dukiyar gado, ya mai da shi ma'aikaci ɗan malamin makaranta. Fada ta rabu biyu. Wasu suka ce an ci mutuncin Batman, ai jarumi ba ya kyau da talauci. Wasu suka ce yanzu ne ya zama mutum. A farkon shekarar kuma Marvel ta yi wa Spider-Man aure har da 'ya'ya biyu, aka kwana ana tafka gardama a kan ko magidanci ya dace da hawan bango. Akwai yaron da zai kawo maka tarihin Superman tun daga 1938, ya ambaci Jerry Siegel da Joe Shuster ba tare da ya yi tuntuɓe ba, ya ƙara maka da cewa Stan Lee da Jack Kirby ne suka ƙago Black Panther a 1966. Allah ya ƙara basira. Irin wannan hadda ba a samunta da wasa, sai da hana ido barci.

Sai a yaba musu kuma a kan tattali. Littafi ɗaya mai shafi ashirin da 'yan kai yana cin dalar Amurka 4 zuwa 5, wato sama da jikka biyu, amma malamanmu ba su taɓa ɓarnatar da ko dala a kansa ba. Kyauta yake shigowa, kyauta ake tura shi gaba. Idan kuwa wani yaro daga Kiyeshe ko Dumega ya zo da kayensa na lakkwal, ya cika shi da zanen 'yan kokowa da mahaya raƙuma, ya ce a ba shi dala ashirin ya sayi alƙalami, nan ma ba sa sakin hannu. Abin da ya fi kuɗi suke ba shi, wato shawara. Hannun ya yi tsawo. Fuskar ba ta yi kama da ta Marvel ba. Ya je ya ƙara koyo. Yaron ya naɗe kayensa ya koma gida, an tsare mutuncin fasaha.

Hukuncin da ya fi kowanne nauyi, wanda ake yankewa da sauke numfashi, shi ne cewa mu ba mu da jarumai. Wannan magana tana bukatar ƙarfin hali, musamman a bakin ɗan Arewa, domin wajen kilomita 20 arewa maso gabas da Matankari akwai wani gari da ake kira Lugu. A farkon 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta nufo gabas tana neman tafkin Cadi, tana ƙone garuruwa, tana kashe mutane, tana kwashe hatsi da dabbobi. Labarinta ya riga ta isowa, garuruwa da yawa suka watse tun ba su ga ƙurarta ba. A Lugu kuwa, Sarauniya Mangu da mutanenta suka tsaya. Ranar 16 ga Afrilu aka gwabza, masu kwari da baka a cikin sarƙaƙiya, masu bindiga a fili. Lissafin Faransawan da kansu ya nuna sun harba harsashi wajen 7,000, an kashe musu mutum 4, an raunata 6. Sun ƙone garin, amma ba su kama Sarauniya ba. Daga nan suka wuce Birnin Ƙonni suka yi kisan da har yau ba a manta ba. Kafin watan Yuli ya ƙare, Voulet ya sa an harbe Kanar Klobb da gwamnatinsu ta aiko ya tsayar da su, sannan sojojinsu suka juyo suka kashe Voulet ɗin da Chanoine. Kaburburansu suna Maijirgi, kusa da Tasawa.

To, ina laifin masu sharhinmu da suka tsallake wannan? Ai sun nuna ɗanɗano. Matar ba ta da alkyabba mai kaɗawa a iska, ba ta fitar da wuta daga ido, garinta kuma babu bene mai hawa ɗari. Ga shi abin ya faru da gaske, a ƙasar da suke takawa, kuma jinin waɗanda suka mutu a ranar yana gudana a jikin wasu daga cikin masu shan shayin. Wakanda, ƙasar Black Panther, ta fi tsabta. Ba a taɓa yin ta ba, don haka babu wanda za ta tambaya me ya yi da gadonsa. Fim ɗinta na 2018 ya tara sama da dalar Amurka biliyan 1.3, kuma wanda ya san ta ya waye. Wanda ya san Lugu da Bagaji da dutsen Tunguma kuwa, baƙauye ne.

Ga tsoron Allah kuma, wanda ya kamata a jinjina masa. Da ka ambaci Sarauniya sai a tsuke fuska, a ce ai azna ce, matsafiya, ba ta kamata a bakin musulmi ba. Wannan taka-tsantsan abin sha'awa ne. Ya fi ban sha'awa idan ka lura cewa mai maganar ya kwana yana kare Thor, wanda asalinsa abin bautar mutanen arewacin Turai ne, kuma ya san sarai cewa ƙarfin Black Panther daga wata gunkiya mai suna Bast yake fitowa. Ashe tsafi ma yana da daraja hawa-hawa: na New York nishaɗi ne, na kakarka abin kunya. Babu wanda ya ce a bi addinin Mangu. Cewa aka yi a san ta tsaya ranar da mazaje da yawa suka gudu, kuma wannan ba ya karya alwalar kowa.

Sun kuma yi kawaici, sun bar wa wasu aikin. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafinsa a kanta a 1980, da Faransanci. Med Hondo, mutumin Moritaniya, ya mai da shi fim a 1986, a Burkina Faso aka ɗauka, ya kuma lashe babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Ga wurin da ake bukatar masu kaifin baki da gaske, domin masana tarihi sun daɗe suna nuna cewa Sarauniyar littafi ba daidai take da wadda tsofaffin Lugu ke ba da labari ba. Me marubuci ya ƙara? Me aka rage? Mayaƙiya ce mai riƙe da makami, ko shugabar addini ce da kasancewarta a wurin ta hana mutane watsewa? Wannan gardama ce da za ta ci dare goma a fada. Amma masu iya gano kuskuren zane a yatsan Spider-Man sun ga bai dace su sa baki a abin da ya shafe su ba. Kunya ce ta Bahaushe, Allah ya saka.

Can a Legas, wasu marasa wannan kunya sun kafa Comic Republic a 2013 suna zana nasu jarumai. Roye Okupe ya ɗauki hasken Amina ta Zazzau ya ƙago Malika, ya sayar wa duniya da Ingilishi. A Nijar ɗin nan Moustapha Alassane ya yi fim ɗin zane mai motsi tun a shekarun 1960, lokacin da kusan babu mai yin sa a Afirka, ya rasu a 2015. Bello Kagara ya ba mu Ganɗoki tun 1934, shekara huɗu kafin a haifi Superman. Ga filin kokowa, inda Isaka Isaka na jihar Doso ya ɗaga takobi sau da yawa yara na ihu. Duk wannan kaya yana jibge, masu sharhinmu sun yi haƙuri ba su taɓa ba.

Kada a manta da manya, su ma sun cancanci tafi. An raɗa wa gidan rediyo sunan Sarauniya a Yamai, ana kiran sunanta a jawabi duk ranar da ake son tsuma jama'a, a 2025 kuma an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Abin da ya rage ƙarami ne ƙwarai, shi ya sa ba a kula shi ba: littafi mai shafi ashirin, da zane, da Hausa, a farashin da uba zai iya biya ranar kasuwa, wanda yarinya 'yar shekara tara a Dan Kasari za ta buɗe ta ga mace irin kakarta ta ƙi gudu. Yara ba su da laifi idan suka rungumi abin da aka miƙa musu. Laifin yana wuyan mu da muka iya karatu, muke da salula, muke da ra'ayi a kan komai.

Ya ku 'yan fada, idanun da suka ƙware wajen tantance zanen Amurka su ne dai za su iya gyara na gida. Ku kira yaron nan mai kaye, ku haɗa masa kuɗin takarda da tawada, ku raka shi wurin tsofaffi ya ji labarin daga bakinsu tun suna da rai. Idan ya zana, ku saya da kuɗinku, sannan ku soke shi yadda kuka ga dama.