Miliyan Uku a Bakin Lasifika

Duk marubucin da ya ce maka rubutu ne abu mafi wuya a harkar littafi, to bai taɓa bin Alhaji bashin kuɗin ƙaddamarwa ba.

Tun ina sakandare nake ji a jikina cewa ni ne magajin Abubakar Imam. Shi gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ya shiga, Ruwan Bagaja ya fito, hukuma ta buga, makarantu suka karɓa. A shekarun 1990 kuma su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu suka nuna ba sai an jira kamfanin buga littattafai na Zariya ba. Ka buga da kuɗinka, ka kai wa dillalai a kasuwar Kano, mata su saya, wasu su ɗauka haya. Na ce nan kasuwata take. Ashe na iso tasha ne bayan mota ta daɗe da tashi.

Da na gama rubuta littafina, na sayar da ragunan da nake kiwo domin babbar salla, daga Dutse na hau motar Kano ta Kwanar Huguma da Wudil. Mai maɗaba'a ya ce tun da aka saki Naira a 2023 takarda ta yi tsada, don daga waje ake shigo da ita, saboda haka in fara da kwafi 200. Na gyara zama na ce, "Malam, ƙananan hukumomi 27 ne a Jigawa, ga Jami'ar Tarayya a Dutse. Buga 1,000." Ya ce, "Allah ya kawo kasuwa," da muryar da ake yin ta'aziyya. Dillalin da na kai wa kuwa, rabin shagonsa ya koma na caja da rigunan waya. Ya karɓi 20, ya ce in an sayar zai neme ni. Lambata ma bai karɓa ba.

Sai ƙaddamarwa. Na kama zaure a Dutse, na yi hayar kujeru, na sayi lemo, na ɗinka babbar riga. Babban mai ƙaddamarwa ya turo wakili, shi ma wakilin ya turo nasa. Malamin da zai yi sharhi ya yaba bangon littafin sosai, ya yaba hotona na baya, daga nan ya shiga tarihin masarautar Dutse bai fito ba sai da aka kira la'asar. Da aka zo alkawari, wannan ya ce ya sayi kwafi ɗaya dubu 500, wancan ya ce shi da iyalansa dubu 300. Ina gefe ina lissafi a bayan takardar gayyata, har na kai miliyan uku. A raina na riga na zaɓi kalar mota. Abin da aka zuba a faranti kuwa ya biya hayar kujeru, mai lemo ya ce zai jira.

Washegari na fara zarya. Yallaɓai yana mitin. Yallaɓai ya tafi Abuja. Yallaɓai ya wuce Umara. Ranar da na ritsa ɗaya daga cikinsu a ƙofar masallaci, na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, maganar littafin nan ce." Ya ce, "Wane littafi? Au! Kai, ka yi ƙoƙari. Allah ya ƙara basira." Na ce amin, ya shige mota, gilashi ya tashi.

Ina cikin wannan hali ƙanwar matata ta zo hutu da sabuwar waya, ta ce kuɗin littafi ne. Ita ba ta taɓa ganin ƙofar maɗaba'a ba. A waya take rubutu, ta saki shafukan farko kyauta a WhatsApp da Wattpad, ta tsaya daidai inda miji ya ce zai ƙara aure. Mai son ci gaba ta biya 500, ta turo shaidar biya, a saka ta a rukuni. Masu atamfa da turaren wuta suna biyan ta kuɗin talla a saman kowane shafi, wani mai tashar YouTube kuma ya sayi izinin karanta labarin. Kukanta biyu ne. Ɓarayi suna kwafe littafin su watsa kyauta, sannan manhaja ba ta da tabbas, tunda OkadaBooks ma an rufe ta a 2023.

Ta ce, "Yaya, kai ka buga sannan ka fita neman mai karatu. Mu mai karatu muke fara tarawa. Kuma ka daina lissafa mai alkawari a cikin masu saye."

Na ce yaushe aka haife ki, amma da dare na buɗe rukuni. Na saki babi na farko, wanda shafi bakwai ne cur a kan duwatsun Dutse da itatuwan dabino, jarumin bai ko farka daga barci ba. Kafin asuba rabin mutane sun fice, wani kawuna ya saka tallar taki. Mutum ɗaya ya biya, matata, da canjin cefanen da na ba ta. Na yi shawarar shiga gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, aka ce ta mata ce zalla. Na nemi aron sunan uwargida, ta ce ta yarda, amma in an ci kuɗin nata ne, in an faɗi ta gaya wa kowa ni na rubuta.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne har yau ko ɓarawo ɗaya bai kwafi littafina ba. Ƙanwar matata tana Allah ya isa, ni ina mata hassada.

Sauran kwafin dai na samo musu hanya. Duk suna ko ɗaurin auren da aka gayyace ni, littafi biyu nake kaiwa gudummawa, da sa hannuna. Daga Takur har Shuwarin yanzu ba gidan aboki da babu shi. Sai dai na lura kwanan nan mutane suna ta haihuwa a unguwarmu, amma sai bayan suna nake ji.