Yadda Ake Mai da Surukai Ruwan Toka

Duk wanda ke cikin guruf ɗin WhatsApp na dangi ko na tsofaffin ɗalibai a Zuru ya taɓa cin karo da irin hoton nan: taro guda an mai da shi baƙi-da-fari kamar daga akwatin kaka aka tono shi, sai hula ɗaya ja wur a tsakiya, ko gyale shuɗi, ko kwalbar lemo. Wannan shi ne tsame launi, wato a kashe kalar komai a bar ta abu guda. Ba sai da kwamfuta ba, ba kuma sai an je Kaduna koyo ba. Tecno mai tsagaggen gilashi da rabin caji da yatsa marar rawa sun wadatar.

Kafin ɗan koyo ya taɓa waya, yana da kyau ya haddace ɗan tarihi, don ya sami abin kare kansa ranar da aka ce kyamararsa ce ta lalace. A 1925 wani ɗan Rasha, Sergei Eisenstein, ya fitar da fim ɗin Battleship Potemkin, baƙi-da-fari, amma tutar jirgin ruwan da ke ciki ja ce, don da hannu aka bi hotunan fim ɗin ɗaya bayan ɗaya ana shafa mata fenti. A 1993 Steven Spielberg ya yi Schindler's List kan kisan Yahudawa a Yaƙin Duniya na Biyu, fim na sama da awa uku, kusan dukkansa babu kala, sai jar rigar wata ƙaramar yarinya da ke tafe cikin tarzoma. Mutum ɗaya aka nuna da yatsa don mai kallo ya ji nauyin miliyoyi. Mai niyyar yin wannan dabara a kan sabon takalminsa ya san da su wa yake gogayya.

Hanyoyin aikin biyu ne, ta mai haƙuri da ta rago.

Mai haƙuri zai sauke Snapseed, manhajar kyauta da ta koma hannun Google a 2012. Ya mai da hoton baƙi-da-fari gaba ɗaya, ya shiga jerin gyare-gyaren da ya yi, ya ɗauki burushi, ya riƙa goge baƙi-da-farin daga kan abin da yake so ya fito da kalarsa. Dole ya zuƙo hoton sosai ya bi gefe-gefe a hankali kamar mai ɗinkin hula. In ya yi gaggawa, jan hular zai tsallaka zuwa kunne, mai hular ya fito kamar wanda rina ta harba.

Rago kuwa Lightroom zai nufa. Can an jera launuka takwas, kowanne da ma'auninsa. Sai ya ja bakwai zuwa ƙarshen hagu ya bar ɗaya, cikin minti guda ya gama. A nan ake yin ɓarna, domin waya ba ta san amarya ba, ba ta san mai unguwa ba, launi kawai ta sani. In an ce mata ta bar ja, to duk wani ja da ke cikin hoton ɗan gata ne: kujerun robar da aka hayo, manjan da ke saman miya, jar ƙasar tsakar gida, bokitin wanke hannu da aka manta a bayan ango. Ga kuma abin da ba a faɗa wa sabon shiga: fatar ɗan Adam, baƙi ne ko fari, a wurin manhaja tsakanin ja da ruwan goro take. Saboda haka wanda ya bar ja ya kashe ruwan goro zai ga fuskoki sun yi dabbare-dabbare, leɓe da kumatu da ɗan ja-ja, goshi toka. Wanda ya bar ruwan goro kuma, ya shirya ganin haƙoran Kawu suna haska taron.

Babban filin gwaji shi ne Uhola, bikin da Lelna, mutanen ƙasar Zuru, ke yi bayan an kawar da amfanin gona, inda ake rawa da kokawa da baje kolin abin da ƙasa ta bayar. Kowa da waya a sama. Ɗan koyo zai hango ayarin fada, ya ɗauka, ya koma gindin bishiya ya zaɓi ja saboda shi ya fi ɗaukar ido. Sakamakon ba ya canzawa: manya masu fararen rawuna sun dushe sun zama hazo, dogarai kuwa, da yake kayansu ja da kore ne, sun fito ɓaro-ɓaro kamar don su aka tara jama'a. Irin wannan hoto a aika wa dogarin shi kaɗai, zai ji daɗi. Kada ya shiga guruf ɗin masarauta.

Kore ma da nasa tarkon. Zuru garin sojoji ne, ba a musu. Nan ne mahaifar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, kuma Muhammadu Sani Sami sai da ya kai Manjo Janar kafin ya hau sarautar Zuru. Gida da yawa akwai ɗa ko ƙane mai kaki, kuma ranar da ya zo hutu dole a yi hoto. Sai a tsai da shi gaban gonar dawa a tsakiyar Agusta, a ce wa waya ta bar kore. Kakin nan dama don ya ɓace cikin ganye aka yi shi, kuma zai yi aikinsa: ga gona shar, ga wata fuska ruwan toka tana shawagi a kanta. A jira rani, ko a jingina shi da farin bango. Ɗaliban Jami'ar Noma ta Tarayya da ke garin, masu son ɗaukar hoto a gonar gwaji, su ma wannan gargaɗi ya shafe su.

Hoton anko ba a tsame masa launi, magana ta ƙare. Mata talatin cikin atamfa iri ɗaya, ko na walima ne ko na zumuntar mata a coci, in an bar kalar atamfar ba a tsame kowa ba, in an tsame mutum ɗaya da burushi an sayi gabar ashirin da tara.

Sai batun da ya fi kowanne haɗari, hoton aure. Abin da aka bari da kala, an yi shela ne cewa shi ne mai daraja, sauran rakiya suka yi. A ƙasar da al'adar golmo ta sa saurayi ya yi shekara da shekaru yana noma gonar surukinsa kafin a ba shi mata, ba ƙaramar kasada ba ce ango ya fitar da hoton da agogonsa ke walƙiya ruwan zinariya, baban amarya na gefe kamar an shafe shi da tokar murhu. In dai sai an yi, a bar lallen amarya ko furen hannunta, abin da ba mai kishi da shi. Kuma a tanadi amsa, don Gwaggo za ta karɓi wayar, ta nisanta ta da ido, ta ce, “Kai ɗan nan, mu kuɗin namu ne bai kai a sa mana kala ba?”

Ƙwararrun masu hoto da yawa suna yi wa wannan salo kallon tsohon yayi, kuma suna da hujja, domin yawanci ana yin sa ne don a ceto hoton da tun farko bai yi kyau ba. Amma yana da ranarsa. Hannun tsohon manomi mai kanta, baƙi-da-fari, riƙe da zangarniyar jar dawa guda, wannan ya cancanci wahalar burushi. Abin ƙarami ne, kuma ko ba a nuna shi ba dama can shi ne labarin. Kwalbar lemo a kan tebur ba labarin kowa ba ce sai na kamfanin lemon.

Saura kiyaye aikin. Kada a yi gyara a kan hoton da ya zaga guruf uku kafin ya iso, don WhatsApp matse hoto yake yi, kuma gefen ja ne ke fara nashewa ya yi gaɓa-gaɓa. A nemi na asali daga wayar da ta ɗauka, in za a kai wanki a turo shi a matsayin fayil. Wajen adanawa kuma a zaɓi sabon kwafi, kada a danne na farko. Wata shida bayan biki, surukai za su aiko yaro a kawo hoton da za a kafa a falo, kuma mai kalar kowa da kowa suke nufi.