Gwiwa Ba Ta Karanta Takardar Kotu

A ƙasar nan kowane babban mutum yana da shekaru iri uku. Akwai na wurin aiki, waɗanda aka je kotu aka rantse a kansu aka buga hatimi. Akwai na wurin zance, waɗanda ake gaya wa budurwa da iyayenta. Sannan akwai na gaskiya, waɗanda ba wanda ya san su sai Allah, sai ungozomar da ta yanke cibiya, sai kuma gwiwa. Ungozoma ta riga mu gidan gaskiya tun tuni. Saura gwiwa, ita kuwa Allah bai yi ta da rufin asiri ba.

Dokar aikin gwamnati ta ce idan ka kai shekara 60, ko ka cika 35 kana aiki, ka tattara ya-naka-ya-naka ka ba yara wuri. Shi ya sa za ka ga mutum ya shekara goma cur yana da shekara 54. In aka zauna aka bi takardun wasu da lissafi, sai a tarar sun shiga firamare suna goye a bayan uwa, ƙaninsu kuma ya girme su da shekara uku. Sauran shaidu duk an san yadda ake toshe musu baki. Furfura a shafa mata baƙi, haƙori a dasa wani, ido a saya masa tabarau mai ruwan zinariya ya zama ado. To amma a ce ofishin Darakta yana hawa na uku, kuma an ɗauke wuta. Nan za ka ga abin mamaki: a kowane hawa sai an kira shi a waya. Ya tsaya, ya dafa bango, ya kara waya a kunne yana "Eh, ina jin ka, ci gaba," alhali wayar ko haske ba ta kawo ba.

Masu harkar ƙwallo sun riga kowa gane cewa ƙashi ba ya ƙarya. A 2009, lokacin da Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, har aka buga wasanni a Kano da Kaduna da Bauchi, hukumar FIFA ta zo da na'urar da ke ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu. Ƙashin yaro yana da wani wuri da bai gama haɗewa ba. In ya haɗe, to mai shi ya wuce yaro, ko me takardarsa ta ce. "Yara" da dama suka kwashe jakunkunansu daga sansanin horo ba tare da sallama ba. Ni da za a ji shawarata, sakatariya ba ta bukatar na'ura mai tsada irin wannan. A shimfiɗa tabarma a ofishin tantance ma'aikata, a ce kowa ya zauna a ƙasa, sannan ya tashi ba tare da ya dafa komai ba. Kafin azahar an gama tantancewa.

Wani Alhaji a unguwarmu, wanda ya tsaya a shekara 49 tun ina makarantar sakandare, ya tashi ƙarin aure. Ranar zuwa gaida surukai gemu ya sha baƙi, babbar riga ta sha guga, ƙamshin turare ya riga shi shiga zaure. Ya tarar da mahaifin yarinya, wanda a lissafin kirki Alhaji ya ba shi shekara biyar, a zaune bisa darduma. Al'ada dai al'ada ce. Alhaji ya tattare riga, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, barka da yamma. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, Alhaji. Bismillah, ga kujera."

"A'a Baba, nan ma ya isa. Ya iyali? Ya gajiya? Ya ƙoƙari?"

Aka amsa. Ya tambayi ruwa, ya tambayi zafi, ya tambayi kasuwa, ya yi jajen wata rasuwa da aka yi shekara biyu da suka wuce, ya gangaro kan awakin da ke ɗaure a ƙofar gida. Gaisuwa ta ƙare, Alhaji yana durƙushe. Dattawan da ke wurin suka fara gyaɗa kai suna cewa, kai, irin wannan ladabi a zamanin nan sai an tona. Abokin ango ne kawai ya san dawan garin, don ya ga zufar da ke gangarowa daga ƙasan hula. Ya matso kamar zai raɗa masa magana, ya zura hannu ta ƙarƙashin babbar riga, ya ɗago shi. Ƙarar da gwiwoyin nan suka yi, an ce har mata a cikin gida sai da suka tambaya ko wani ne ya taka kara.

Da aka fito, me Alhaji ya ce? "Sanyin simintin zauren nan ne ya shige ni."

Sanyi kuwa ya ga ta kansa a hannunmu. Ba abin da ba a ɗora masa ba. Fanka ce, na'urar sanyaya ɗaki ce, ruwan firiji ne, tayil ɗin da aka shimfiɗa a falo ne, ruwan saman da ya taɓa dukan mutum a hanyar gona lokacin mulkin Shagari ne. Gaskiya ne mutane da yawa sun fi jin jiki da hunturu. Amma gwiwar da ke kuka a watan Janairu ita ce dai ke kuka a watan Afrilu a tsakiyar Sakkwato, lokacin da ko inuwa neman inuwa take. Abin da likitocin ƙashi ke faɗa ba shi da daɗin ji, shi ya sa ba mu so. A bakin kowane ƙashi, inda ya haɗu da ɗan'uwansa, akwai guringuntsi mai santsi da ke hana su gogar juna. Shekaru da nauyi da tsohon rauni su ke cinye shi sannu a hankali, har ƙashi ya fara gaisawa da ƙashi ba shamaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da wannan nau'i na amosanin gaɓɓai, kuma gwiwa ce kan gaba. Ba duka ne suka kwana a ƙarƙashin fanka ba.

Maganar nauyi ita ce inda ake ɓatawa da likita. Mu a wurinmu tumbi shaidar kammala karatun arziki ce. Mutum ya yi wata uku ba ku haɗu ba, ka gan shi wuya ya haɗe da kafaɗa, sai ka ce, "Masha Allah, ka murje, hutu ya karɓe ka." In kuwa ya rage kilo biyar, sai a bi shi da ido, a koma gefe ana tambaya ko ciwon sukari ne, ko bashi ne, ko uwargida ce ta sa shi a gaba. Alhali masu bincike sun auna sun gano cewa kowane kilo ɗaya da mutum ya ƙara, gwiwa tana jin sa kamar kilo huɗu a kowane taku. Mai rarar kilo 20 ke nan yana ɗora wa gwiwarsa ƙarin kilo 80 duk sa'ad da ya ɗaga ƙafa, wato buhun shinkafa mai kilo 50 da rabinsa, har da gyara. Ɗan dako ma a kasuwar Singa in ya kai kaya ana sauke masa, a biya shi.

Tafiya a ƙasa kuwa ba a maganarta. Babban mutum ya fito da safe yana taka sayyada, kafin ya kai kwanar layi mota uku sun tsaya. "Alhaji, lafiya? Ina motar? Shigo mu rage maka hanya." Kafin la'asar labari ya zaga majalisu cewa karayar arziki ta same shi. Saboda tsare mutunci, masallacin da ke gida uku daga ƙofarsa ma sai an tayar da mota. A can kuma kujerun roba suna jere a gefen sahu. Addini ya yi wa mara lafiya sauƙi, wanda ba ya iya tsayuwa ya yi a zaune, kuma akwai bayin Allah da wallahi ba su da zaɓi. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne wanda ya yi Magariba a kujera, bayan Isha'i kuma na gan shi a wurin ɗaurin gindin ɗan takara yana tsaye awa biyu yana ɗaga hannu.

Sai batun magani, inda kowa likita ne. Ka ce gwiwa na damun ka a majalisa, kafin a zuba shayi na biyu an rubuta maka man kaɗanya da tafarnuwa da citta da zogale da habbatus sauda da kitsen mesa. Wanzami ya ce mataccen jini ne, a kafa ƙaho. Mai mota da lasifika a bakin tasha yana da kwalba ɗaya tak da ke maganin sanyin ƙashi da basir da shawara da taifot, kuma a ƙarshen jerin sai ya sassauta murya ya ambaci ƙarin kuzarin maigida, wanda shi ne ainihin abin da ya tara jama'ar. Man zafi kuwa, Aboniki ne ko Robb, ya riga ya ci turaren oud da yaƙi a sahun farko.

Duk waɗannan da sauƙi a kan "haɗi". Mutum ya tsaya a kemis ya ce wa yaron shago, "Haɗa mini na ciwon jiki, na ɗari biyar." Yaro ya ɓalle ja da fari da ruwan ɗorawa ya ƙulle a leda. A ciki akwai diclofenac da ibuprofen, wani lokaci har da piroxicam, dukkansu 'yan gida ɗaya ne da bai kamata a haɗa su ba, a watsa su kuma cikin da ko koko bai gani ba. Gwiwa ta yi shiru na kwana ɗaya, ciki ya fara gyambo, hawan jini ya ƙaru, ƙoda tana ɗaukar lissafi. In aka yi rashin sa'a da 'yar ƙaramar ƙwayar nan dexamethasone a ciki, aka kuma daɗe ana sha, sai sukarin jini ya hau, ƙashi ya yi rauni, fuska ta kumbura ta yi tulu-tulu. Jama'a kuma su ce, "Masha Allah, ka murmure."

Akwai wani ciwon da ke ziyartar manya, musamman bayan Babbar Sallah. Mutum ya yi sati yana aika tsire da balangu da farfesun kayan ciki, hanta da ƙoda ba ya ɗaga musu ƙafa, yana korawa da lemon kwalba. Tsakar dare babban yatsan ƙafa ya kumbura ya yi ja, ko zanen rufa ya taɓa shi sai ihu. Gari na wayewa an yanke hukunci: Alhaji ya taka asiri, kuma an san wanda ya binne, ɗan'uban nan ne da suke rigimar fili. Likita zai ce wani sinadari ne mai suna yurik asid ya yi yawa a jini, ya daskare a gaɓa ya zama tsini-tsini, kuma nama da kayan ciki da kayan zaƙi suna ƙara shi. Amma ɗaukar gaba da ɗan'uba ya fi sauƙi a kan ɗaukar gaba da mai tsire.

Inda dariyar ke tsaya mini a wuya shi ne wajen iyayenmu mata. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun ce cikin kowane mutum goma masu amosanin gaɓɓan da ke cinye guringuntsi, shida mata ne. Matar da ta yi shekara arba'in tana daka da surfe, tana jan guga, tana shara da guntuwar tsintsiya, tana wanki a duƙe da girki a murhun ƙasa, ga goyo a baya ga wani a ciki, ranar da ta ce gwiwa, amsar da take samu ita ce, "Sai haƙuri Inna, girma ne." A saya mata Panadol, 'ya'yan da ke Abuja su turo addu'a ta WhatsApp. Ranar da maigida ya ce wash, sai a kashe rediyo, a kori yara waje, a yanka kaza. Haka yaron da ke kwana kuka da ciwon ƙashi ake cewa sanyi ne, a yi ta gasa shi da tsumma, alhali sikila ce, a ƙasar da ta fi kowace yawan haihuwar masu ita.

Asibitin Ƙashi na Dala yana nan a Kano tun 1959, amma sai an gama da mai lasifika da wanzami da yaron kemis ake tuna hanyarsa. Masu hali su wuce Indiya ko Masar a sa musu gwiwar ƙarfe da kuɗin da zai gina gida. Wanda ya zo da wuri kuwa, abin da ake gaya masa ba ya wuce a rage tuwon dare, a riƙa tafiya kullum daidai ƙarfi, a yi motsa jikin da ke ƙarfafa naman cinya don ya tallafi gwiwa, in ta kama a riƙe sanda.

Na raka wani yayana ganin likitan ƙashi, aka karanta masa wannan karatu. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya gyara zama.

"To likita, allurar fa?"

"Ba ka bukatar allura yanzu, Alhaji."

"Ko ƙarin ruwa?"

"Tafiyar dai, da rage abinci. Sandar ma za ta taimaka."

"Sanda? Ni? Shekarata nawa?"

Likita ya duba kati, ya duba hoton ƙashin da ke jikin allo, ya sake duba kati, bai ce komai ba. Muna fitowa yayana ya ja tsaki ya ce yaran yanzu ba su san aiki ba, a ce mutum ya biya kuɗin kati da na hoto, a sallame shi da "je ka yi yawo". Motarsa tana ƙarƙashin wata bishiya, taku talatin daga inda muke. Ya ciro waya ya kira direba ya ce ya matso da ita bakin baranda, kuma a hanya a tsaya wurin mai balangu, don tun safe bai sa komai a cikinsa ba.